Yadda Ake Cire Kaska da Kare Kai Daga Zazzaɓin da Take Kawowa

A farkon daminar bara ɗan yayata ya kwanta da zazzaɓi. Yaro ne ɗan shekara goma sha shida, shi ke fita da 'yan shanun gidansu bayan gari kullum da hantsi. Aka saya masa maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, ya shanye tas, jiki bai sauka ba. Kai na sara, wuya ya riƙe, ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi har yana ɗingishi. Da na je duba shi na ce ya nuna mini wurin, sai na ga wani ɗan tabo baƙi ƙirin a saman cinyarsa, gefensa ya yi ja, kamar an ɗana masa wutar sigari. Na tambaye shi me ya same shi a nan. Ya ce, "Kawu, ai kaska ce na fizge, yau kwana takwas ke nan." Bai faɗa wa kowa ba, domin a wurinsa cizon kaska ba abin faɗa ba ne. Muka kai shi asibiti, muka ba likita wannan labari, aka canza masa magani, kwana biyu zazzaɓin ya sake shi.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Mun san kaska farin sani a jikin dabba. Makiyayi ya san tana ramar da saniya, tana lalata hantsa, kuma inda ta yi yawa kirci ba ya nisa. Har kirari muke yi mata, kaska raɓi mai jini. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan raɓar da take yi tana iya zuba wa ɗan Adam ƙwayoyin cuta na bakteriya a jini, kuma zazzaɓin da ke biyo baya kamarsa ɗaya da na cizon sauro a kwanakin farko.

Fara sanin wadda kake fama da ita

Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle. 'Yar uwar gizo-gizo ce, babbarta ƙafa takwas gare ta, jaririyar kuma shida. Takan hau kan ciyawa ta miƙe ƙafafun gaba tana jira, tana shaƙar numfashi da ɗumin duk abin da ya gifta. Idan ta samu jiki sai ta nemi wuri mai laushi da gumi, ta kafa bakinta mai ƙaya-ƙaya, ta zubo wani abu kamar danƙo ta liƙe kanta. A cikin yawunta akwai abin da ke kashe zafi da abin da ke hana jini daskarewa, shi ya sa za ta kwana uku a jikinka ba ka ji ba. Ta wannan yawun cutar ke shiga.

Wadda ta fi shafar masu shanu a ƙasashenmu ita ce babbar nan mai zane ruwan jan ƙarfe a baya da ƙafafu masu ratsi, wadda ke taruwa a hantsa da maraina da ƙirjin sa. Masana suna kiranta Amblyomma variegatum. Ita ba ta tsaya jira kawai ba, takan bi dabba ko mutum da ƙafa. Tana ɗauke da ƙwayar Rickettsia africae, wadda aka fara ware ta daga jinin majiyyaci a Zimbabuwe a 1992, kuma masu bincike sun same ta a cikin kaskar shanu a Nijeriya da Nijar da Mali da Sudan, sannan an tabbatar da ita a jikin marasa lafiya a Kamaru. Alamun da na gani a jikin ɗan yayata, su ne alamunta. Manyan wannan kaska sun fi yawa da faɗuwar damina, matsakaitan kuma da rani, kuma matsakaitan nan da ba su wuce ƙwayar riɗi ba su ma suna cizon mutum.

Sai ta kare, ja-ja mai duhu, wadda ke cika kunnen karnukan farauta, ta ɓuya a tsagar bango. Ita ke yaɗa Rickettsia conorii, cutar da aka fara bayyanawa a Tunis a 1910. Wannan ta fi ta shanun tsanani, takan fito da ƙuraje har tafin hannu da na ƙafa, kuma tana iya kisa, musamman ga tsoho ko mai ciwon suga.

Akwai kuma wata iri dabam mai taushin jiki, wadda ba ta manne wa mutum kwana da kwanaki. A ramin ɓera take zaune ko a tsagar ɗaki, ta fito da dare ta sha jini cikin 'yan mintoci ta koma, gari ya waye ba ka ga komai ba. Ita ke kawo zazzaɓi mai tafiya ya dawo, wanda ƙwayar Borrelia ke haddasawa. Likitan nan ɗan Ingila, Joseph Dutton, yana cikin binciken wannan cuta a Kwango ta kama shi, ya rasu a can a 1905. A ƙauyen Dielmo na Senegal, inda aka bi lafiyar mutane daga 1990 zuwa 2003, an samu kusan mutum 11 cikin kowane 100 suna kamuwa da ita duk shekara. Wanda ke fatauci zuwa Senegal ko Mali ko Muritaniya, yana kwana a ɗakunan ƙasa na ƙauye, ya riƙe wannan.

Kafin ka shiga ciyawa

Mai kiwo, mai yankan ciyawa, mafarauci, manomi a lokacin noman farko, mai shiga kara ranar kasuwa, mahauci da majemi masu taɓa fatar da ba ta daɗe da fiɗa ba, duk maganar ta shafe su. Sanya dogon wando, ka cusa ƙafarsa cikin safa ko cikin dogon takalmin roba, ka tsuke riga cikin wando. Na san da zafi, kuma na san silifas ya fi sauƙi, amma daga ƙasa kaska ke hawa, idan ba ta samu ƙofa a idon sawu ba dole ta bi ta bayan tufa inda ido zai gan ta. Saboda haka tufa mai haske ta fi baƙa.

Idan da hali, shafa maganin korar ƙwari mai sinadarin DEET, wanda ƙarfinsa ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, a ƙafa da hannu. Akwai kuma feshin permethrin na kashi 0.5 da ake yi wa tufafi da takalma, a bar su su bushe kafin a sa. Wannan na tufa ne kawai, ba a fesa shi a fata. Kada ka zauna hutawa a inda shanu ke kwanciya ko a gindin bishiyar da suke shan inuwa, nan ne ƙosassun ke faɗowa su zuba ƙwai dubbai.

Da ka dawo gida

Wannan matakin shi ne mafi arha, kuma shi aka fi sakaci da shi. Tuɓe kayan a waje ka kakkaɓe su, kada ka jefa su kan gado. Wanki da ruwan sanyi ba ya kashe kaska, sai ruwan zafi ko dutsen guga. Yi wanka da wuri, kada ya wuce awa biyu da dawowarka, domin wadda ba ta riga ta kafa baki ba ruwa da soso za su tafi da ita.

A wurin wankan bi jikinka da ido da tafin hannu: tsakanin yatsun ƙafa, bayan gwiwa, matsematsi da al'aura, inda mazagin wando ke zama, cibiya, hammata, ƙarƙashin nono, bayan kunne, ƙeya da cikin gashi. Duk wani ɗan ƙulli da ba ka san da shi jiya ba, tsaya ka dube shi da fitila. Bayanka kuma sai da madubi ko idon iyali. Yara ba za su duba kansu ba, kuma kunya ba za ta bar saurayi ya ce wani abu ya kama shi a matsematsi ba, saboda haka uwa ta duba ƙanana da kanta, uba kuma ya riƙa tambayar manyan. A jikin yaro ƙarami kaska ta fi son kai da wuya, a tsefe kitso idan ta kama. Gwargwadon daɗewarta a jiki, gwargwadon damar da cuta ke samu ta shiga.

Yadda ake cire ta

A nan ne muka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai.

Nemo matsefata mai siririn baki, irin wadda ake cire ƙaya da ita, ka goge ta da sipirit ko ka wanke da sabulu. Tanadi ruwa da sabulu da ɗan kwalba mai murfi. Zauna inda akwai haske. Idan wurin da gashi, raba shi gefe, ka miƙar da fatar da yatsu biyu na ɗaya hannun.

Kwantar da matsefatar a kan fata, ka kama kaskar daga can gindin bakinta, daidai inda ya nutse cikin jiki. Ba a kama ta ta ciki. Cikin nan da ya kumbura jaka ce cike da jini da ƙwayoyin cuta, matsa shi kamar matsa allura ne. Idan ka kama da kyau, ja sama kai tsaye, a hankali, da ƙarfi ɗaya ba sassautawa. Fatar za ta ɗago kamar ɗan tanti, kada ka tsorata, riƙe a haka. Kada ka fizga, kada ka murɗa. Bayan ɗan lokaci za ka ji ta saki. Ta shanu mai zane bakinta dogo ne, ta fi sauran taurin kai, sai an yi haƙuri da ita.

Idan kana daji babu matsefata, zaro zare mai ƙwari ka yi masa zarge, ka zura shi a wuyanta dab da fata, ka tsuke, ka ja sama a hankali. Idan shi ma babu, rufe yatsunka da leda ko ƙyalle ka kama ta daga gindi. Kada ka ce sai ka koma gida gobe.

Wani lokaci bakin kan karye ya rage a ciki, ka ga ɗan ɗigo baƙi. In matsefata za ta iya ɗauko shi cikin sauƙi, ɗauko. In ya ƙi, ƙyale shi, fata za ta turo shi da kanta kamar yadda take turo ƙaya. Tono da allura ko reza shi ke mayar da ƙaramin abu gyambo.

Daga nan wanke wurin da hannuwanka da sabulu, ka shafa sipirit ko aidin. Kaskar kuma jefa ta cikin kwalbar nan da ɗan sipirit ko kananzir ka rufe, ko ka ɗauki hotonta da waya kafin ka jefa ta wuta. Kada ka murƙushe ta da farce. Na sha ganin dattawa a ruga suna cire ta daga hantsar saniya su fasa ta tsakanin yatsu, jinin ya ɓata musu hannu, ga kaushi ga tsaga a fata. Ta nan cuta ke samun hanya, ko ta ido idan mutum ya manta ya sosa.

Abubuwan da aka saba yi kuma ba su da kyau su ne shafa mata kananzir ko man fetur ko basilin ko man shanu tana manne, da ɗana mata ashana ko garwashi. Masu yi suna cewa numfashinta zai toshe ta saki da kanta. Kaska numfashinta kaɗan ne ƙwarai, za ta yi awoyi a ƙarƙashin mai ba ta mutu ba, kuma duk wannan lokacin tana zuba yawu. Wuta kuwa mutum take ƙonawa, ta bar kan kaskar a ciki.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, rubuta ranar. Sa ta a waya ko a bayan kalanda, da wurin da ta ciza. Wata guda za ka yi kana lura da jikinka.

Abin da za ka sa wa ido

Ɗan ja da ƙaiƙayi a wurin cizo kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, kuma ba kowace kaska ke ɗauke da cuta ba. Abin dubawa shi ne zazzaɓi da ya zo bayan kwana 5 zuwa 10, da ciwon kai mai tsanani, da ciwon jiki musamman tsokar wuya. Sai baƙin tabon nan mai ɓawo, wanda yawanci ba ya zafi, kuma yakan fi ɗaya idan kaska da yawa suka ciji mutum lokaci guda. Sai kaluluwa a kusa da shi: a matsematsi idan cizon a ƙafa ne, a hammata idan a hannu ne. Ƙuraje kan fito wa wasu, amma a baƙar fata ba su cika nunawa ba, sai an shafa a ji su.

Zazzaɓin kaskar ɗaki, mai taushin jikin nan, salonsa dabam. Yakan turnuƙe mutum kamar kwana uku da rawar sanyi, ya sauka da gumi sharkaf, a yi kamar mako guda lafiya lau, sannan ya dawo. Saukar da yake yi da kansa ita ke yaudarar mutane, su ɗauka maganin sauron da suka sha ne ya yi aiki. Ga mai juna biyu hatsarinsa babba ne, yana jawo ɓari da haihuwar bakwaini.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ruɗewa ko suma, sanƙarewar wuya, numfashi sama-sama, ido ya yi rawaya, amai ba tsayawa, ko jini ta hanci ko dasashi ko bayan gida. Zubar jini bayan cizon kaska ko bayan fiɗar dabba na iya zama zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda bairas ke kawowa ba bakteriya ba, kuma yana kama masu jinya ta hanyar jini. A garzaya asibiti, kada kowa ya taɓa jinin da hannu tsirara.

A gaban likita

Layi dogo ne, likita na sauri, idan ka ce zazzaɓi kawai zai tura ka gwajin cizon sauro, kuma yana da gaskiya, domin shi ya fi yawa kuma yana kisa. A yi gwajin. Amma buɗe baki ka ƙara da cewa, "Likita, kaska ta cije ni ranar kaza, ga wurin, kuma ina kiwon shanu." Nuna tabon ko da a wurin kunya yake. Gwajin da ke tabbatar da waɗannan cututtuka ba kowane asibiti ke da shi ba, na jini kuma yakan nuna babu komai a makon farko, don haka da labarinka da tabon likita zai yi hukunci. Idan zazzaɓinka mai dawowa ne, faɗi sau nawa ya dawo, kuma a ɗebi jinin lokacin da jiki ke zafi, domin a lokacin ne ake iya ganin ƙwayar Borrelia a madubin awo, kamar zare a murɗe. Ɗan gwajin nan na tsinke da ake yi da ɗigon jini ba ya nuna ta. Kuma ko da gwajin sauro ya nuna akwai, mutum na iya ɗaukar cuta biyu lokaci guda. In an sha magani kwana uku ba sauƙi, a koma.

Maganin da aka fi ba da wa shi ne doxycycline, kuma yawancin masu cutar Rickettsia sukan ji sauƙi cikin kwana biyu. Maganin sauro na yau da kullum ba ya kashe ta, haka ma kafso irin su amoxicillin da ampiclox da muke saurin saya. Amma don Allah kada wannan ya sa ka wuce kemis ka rubuta wa kanka. Mai ciki da ƙaramin yaro likita ne zai auna abin da ya dace da su. Mai zazzaɓi mai dawowa kuma, awa ɗaya zuwa 'yan awoyi bayan shan ƙwayar farko jikinsa na iya rikicewa da rawar ɗari da faɗuwar jini saboda mutuwar ƙwayoyin cutar lokaci guda, shi ya sa ake son ya sha ta a gaban ma'aikatan lafiya.

Idan an ba ka doxycycline, sha da kofi cike da ruwa kana zaune, kada ka kwanta nan take, yana ƙona maƙoshi. Kada ka kora shi da nono ko kindirmo ko fura da nono, kada kuma ka haɗa shi da maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki, suna rage shigarsa jiki. Bar tazarar awa biyu ko uku. Ka cika kwanakin da aka rubuta ko da ka warke.

Dabbobi da gida

Muddin turke cike yake da kaska, cirewa daga jikin mutum aikin baban giwa ne. Nemi malamin dabbobi ya zaɓa maka maganin wanka ko na zubawa a gadon baya, ka auna yadda aka rubuta a jikin kwalba. Tsarma shi da yawa don ya auku shi ke sa kaska ta saba da shi ya daina kashe ta. Sa safar hannu, ka juya wa iska baya, ka tambayi kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Mai amitraz ba a yi wa doki da shi, mai permethrin kuma yana kashe kyanwa. Maganin dabba ko na gona ba a shafa wa mutum, balle kan yaro, guba ne.

Masu bincike a Bobo Dioulasso ta Burkina Faso sun lura cewa babbar kaskar shanu takan fara maƙalewa ne a tsakanin kofato lokacin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta hau zuwa hantsa da ƙirji. Daga nan suka fito da dabarar ɗan kwarami mai ruwan magani da shanu ke ratsawa da yamma idan sun dawo, a farkon damina. Ko ba ka da kwaramin, duba kofato da yamma ya fi jira sai ta kafa a hantsa. Sabuwar dabba daga kara, ko ragon layya, a ware ta a yi mata wanka kafin ta shiga cikin sauran. A nisanta turke da ɗakin kwana, a sassabe ciyawar da ke bakin gida, a bar kaji su yi tsince a garke amma ba ranar da aka yi feshi ba. Kare a duba kunnensa da tsakanin yatsunsa, a yi feshi a makwancinsa. A cikin ɗaki kuma a toshe ramin ɓera, a yaɓe tsagar bango da ta daɓe, a kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa.

'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Amurka da Turai, tasu kaskar ta fi ƙanƙanta, kuma cutar da ta fi yawa a can ita ce Lyme, sunan wani gari a jihar Connecticut inda aka lura da ita a 1975, kafin masanin kimiyya Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayarta a 1982. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta kusan mutum 476,000 ake yi wa maganinta duk shekara a ƙasar. Galibi sai kaskar ta wuce kwana guda a jiki take shigar da ita. Alamarta ta farko wani faffaɗan tabo ne da ke buɗewa a hankali tsakanin kwana 3 zuwa 30, kuma hotunan da ake nunawa kusan duk na farar fata ne, a tamu yakan fito duhu-duhu kamar ƙurjewa. Idan aka bar ta takan kai ga kumburin gwiwa, karkacewar fuska da rikicewar bugun zuciya. Wanda ya dawo gida hutu ya kwanta ciwo, ya gaya wa likita ƙasar da ya fito da dajin da ya shiga.